Daga Kano Zuwa Shendam, Wurin Baba Saje

Bashi ne ya kai ni Shendam, kuma ba ni na ci shi ba. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, tsohon soja ne. Ya shiga aikin a 1967, lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke ana ɗibar samari ta ko'ina, bayan 'yan shekaru ya ajiye kaki ya dawo Kano ya kama tireda. Ana saura kwanaki kaɗan ya rasu ya kira ni da yayana, ya ce akwai fam 15 da ya ranta a 1971 wurin sajensu, da su ya cika kuɗin auren mahaifiyarmu, kuma har yau bai biya ba. Canjin wurin aiki ne ya raba su, wasiƙa ta yi ta ja baya har ta yanke. Ya ce mutumin ƙasar Shendam ne, Kirista ɗan ɗariƙar Katolika, in yana raye a kai masa, in ya riga mu gidan gaskiya a nemi magadansa. Malamin da ya zo rabon gado ya ce wannan magana tana gaba da rabon. Ta hannun wani ɗan ƙungiyar mazan jiya aka samo mana lambar 'yar tsohon. Ta ce Baba na nan da ransa, ya haura shekara 90, kuma da ta ambaci sunan mahaifinmu sai da ya sa ta maimaita.

Hajiya, mahaifiyarmu, ba ta so in tafi ni kaɗai ba. A kunnen mutumin Kano, sunan Shendam tafe yake da sunan Yelwa, inda aka yi kashe-kashe a watannin Fabrairu da Mayu na 2004 har gwamnatin Obasanjo ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Filato. Mu kuma a Kano muka ga ramuwar gayyar da ta biyo baya, aka hallaka mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Na ce mata amanar mamaci ce. Ta yi shiru, can ta tashi ta ɗauko turmin atamfa da kwalbar zuma ta ce in kai wa matarsa. "Ita ta riƙe ni da aka kai ni amarya barikin Inugu," in ji ta, "ban san kowa ba, ko kasuwa ita ke raka ni."

Bayan sallar asuba na isa tashar Unguwa Uku, cikin hazon watan Janairu. Na biya ₦15,000 a wata Sharon da aka cusa mu kamar buhunan gyaɗa, muka kama hanyar Zariya, muka karya ta Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada. Da muka shiga dajin Falgore hira ta mutu a motar. Direba ya kashe rediyo ya ƙara wuta, kowa idonsa na kan bishiyoyi, sai da muka hango shingen sojoji da buhunan yashi sannan wata tsohuwa a baya ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi. A Saminaka muka tsaya na ci shinkafa da wake da mai da yaji, na ₦1,500. Daga Jengre hanya ta fara hawa, duwatsu suka fara tsirowa, iska ta canja.

Na san ana maganar sanyin Jos, amma jinsa a jiki daban ne. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma da magariba ta yi sai na ji hunturun Kano ba komai ba ne. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da titin Bauchi a kan ₦18,000, aka kawo mini ruwan zafi a bokiti. Abin da ya fi sanyin damuna shi ne hirar mai keke napep ɗin da ya ɗauke ni. Ba tare da na tambaye shi ba ya riƙa nuna mini unguwanni, wannan tamu ce, waccan tasu ce, nan kada ka shiga da wannan hular in dare ya yi. Yaro ne da bai wuce shekara 25 ba, watau an haife shi ne dab da rikicin 2001, bai taɓa ganin Jos ɗin da mahaifinmu ke ba mu labari ba, wadda ma'aikatan kuza daga kowace ƙabila suka cakuɗa a cikinta. Na kwana ina tunanin cewa ni ga shi zan je gidan mutumin da ya biya wa ubana kuɗin aure, shi kuma wannan yaro an raine shi a kan cewa titi ɗaya ya isa iyaka tsakaninsa da maƙwabcinsa.

Washegari na shiga motar Shendam, ₦7,000. Muka bi Bukuru, Mararrabar Jama'a, Heipang inda filin jirgin sama yake, sai Barikin Ladi. Ƙasa ce a buɗe, da shingayen kyarana kewaye da gonaki, da kududdufai masu koren ruwa waɗanda haƙar kuza ta bari. Wajen Mangu buhunan dankalin Turawa jere a bakin hanya, a bayansu kuma gidaje ba rufi, bangonsu baƙi ƙirin, ragowar rikicin 2023 da farkon 2024. A wani shinge aka ce kowa ya sauko. Sojan ya karɓi katina, ya dubi adireshin Kano, ya dube ni, ya ce me zan je yi Shendam. Na ce zan je gaida sajen mahaifina ne na lokacin yaƙin basasa. Ya miƙo mini katin da hannu biyu, ya ce in gaida Baba.

Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya ji wannan magana, da muka koma mota sai ya buɗe hira. Katikis ne, watau mai koyar da addini a coci, yana dawowa daga wani taro a Jos. Shi ya fahimtar da ni matsayin Shendam wurin 'yan Katolikan Arewa. Ya ce nan ne mishan ɗinsu na farko a arewacin kogin Kwara da Binuwai. A watan Fabrairun 1907 limamai uku na ƙungiyar 'yan mishan ta SMA, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa, suka iso ƙarƙashin Fada Oswald Waller, sarkin ƙasar na lokacin, wanda ake kira Long Goemai, ya ba su wurin zama. Da aka cika shekara ɗari cif, a 2007, aka ba Shendam bishop nata. Yana magana muna gangarowa daga Panyam, hanya na ta murɗewa a jikin dutse, birki na ƙauri. Kafin mu kai ƙasa kowa ya tuɓe rigar sanyi. A cikin awa ɗaya mun bar ƙasar dankali mun shiga ƙasar doya da shinkafa da giginya, zafi ya tarye mu irin na kwarin Binuwai.

Daga tashar Shendam ɗan acaba ya kai ni ƙauyen a kan ₦1,500. 'Yar Baba, malamar firamare ce da ta yi ritaya, ita ta tarye ni a ƙofar gida. Gida ne na bulo mai ɗakuna a jere, da rumbuna biyu, da tulin doya a ƙarƙashin rumfa, da mangwaro a tsakar gida. A gindin mangwaron yake zaune a kujerar katako, dogon mutum da tsufa ya rage wa nama bai lanƙwasa masa baya ba, idonsa ɗaya ya yi fari da yana. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kama fuskata da tafukansa biyu ya matso da ita kusa da idon da ke gani, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira sunan mahaifina, ba nawa ba. Ya ce, "Yaushe?" Na faɗa masa. Ya yi alamar gicciye, ya ce, "Allah Ya ba shi hutawa. Shi ne yaro, ni ne babba, ga shi ya riga ni."

Ban buɗe baki na nemi komai ba a gidan nan. Kafin la'asar an aro mini buta da darduma daga gidan wani maƙwabcinsu Bafulatani, Baba da kansa ya ɗaga sanda ya nuna mini alƙibla. Jikansa ya kawo zakara da wuƙa ya ce Baba ya ce ni zan yanka. Da dare aka kawo sakwara da miyar zakaran, da kunun tsamiya. Na yi masa godiya, ya ce ai ba yau ya fara ba. Lokacin da yake saje shi ke tsara gadi, kuma tsarinsa ɗaya ne: ranar Juma'a Kiristoci su riƙe, ranar Lahadi Musulmi su riƙe. In azumi ya zo shi ke bi tanti-tanti yana tada mutane sahur, saboda shi ne mai agogo.

Matarsa, Mama, tana zaune a gefensa a kan tabarma. Shekarunta sun kusa 90, kuma tsufa ya tafi da yawancin abin da ta sani. Ba ta gane atamfar daga wa ta fito ba, ko da yake ta rungume ta. 'Ya'yanta ma wani lokaci sai ta tambaye su daga ina. Shi kaɗai take ganewa, kuma Kofur take kiransa, muƙamin da yake da shi lokacin da aka ɗaura musu aure a 1959. Na zauna ina kallon yadda yake ba ta abinci. Hannunsa na rawa, don haka sai ya dafa gwiwar hannun a kan cinyarsa, ya gutsuro sakwara 'yar ƙarama, ya tsoma a miya, ya jira ta haɗiye ta baya, ya ce, "Saura ɗaya." In ta kawar da kai sai ya ajiye ya yi mata hirar wata akuya da suka taɓa yi a barikin Kaduna, ta yi dariya, ya sake miƙawa. 'Yarsu ta ce mini ta yi ta roƙonsa ya bar mata wannan aiki ya ƙi, ya ce a gaban Fada da jama'a ya yi alkawarin cikin lafiya da cikin ciwo, kuma ba a ce masa alkawarin yana da ranar ƙarewa ba. Sun haifi tara, biyu sun rasu suna ƙanana, ɗaya Sista ce ta coci, ɗaya ya gaji aikin soja. Ni da na fito daga garin da auren shekara biyar ake yi wa barka, na daɗe ban ga abin da ya sa na ji kunyar zamaninmu kamar wannan loma da ake jira a haɗiye ba.

Da aka kwashe kwanuka gidan duka ya taru, har yara, aka durƙusa. Baba ya ciro carbinsa, wanda su ke kira rosari. 'Ya'yansa baƙaƙe ne sun sha hannu har sun yi sulɓi, an ɗaure shi da zaren waya a wurare uku. Ya ja, suna amsawa: "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri, Ubangiji yana tare da ke." Ina gefe a kan dardumata ina nawa lazimin. Abin da ya ba ni mamaki Mama ce. Matar da ba ta san sunan 'yarta ba ta bi addu'ar nan daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Bayan yara sun kwanta ya sa aka jawo masa akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, muka zauna da fitila mai caji. Ana shirin 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, kuma duk shekara sai ya goge lambobinsa da toka da lemon tsami ko da ba zai iya zuwa fareti ba. Ya ce a 1955 ya tafi Zariya da ƙafa da mota ya shiga kurtu a Dafo, wurin horar da sababbin sojoji. Yana cikin waɗanda suka tsaya fareti da Sarauniyar Ingila ta zo a 1956. Bayan samun mulkin kai aka tura bataliyarsu Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda sojojin Nijeriya suka yi aiki daga 1960 zuwa 1964, har Aguiyi-Ironsi ya zama kwamandan rundunar gaba ɗaya. Shi a lardin Kasai ya zauna, a garin Luluabourg da yanzu ake kira Kananga. Ba ya jin yarensu, ba ya jin Faransanci, amma ranar Lahadi in ya shiga coci sai ya tarar da Latin ɗin da ya haddace yana yaron bagade, mai taya Fada hidimar ibada, a Shendam, domin a lokacin ba a riga an juya ibadar zuwa harsunan gida ba, sai bayan babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965. Yana Kwango labari ya zo cewa an kashe 'yan mishan 20 a Kongolo ranar 1 ga Janairun 1962. Ya ce ranar ya fara sanin cewa farar riga ba ta tare harsashi.

Da muka zo kan yaƙin basasa muryarsa ta sauka. Kafin yaƙin sojan Nijeriya bai fi dubu 10 ba, kafin a gama a Janairun 1970 ya kai wajen dubu 250, don haka tsofaffin hannu irinsu aka raba wa yara sababbi, waɗanda aka koya wa harbi cikin 'yan makonni. Mahaifina na cikinsu. Suna Runduna ta Ɗaya ta Muhammadu Shuwa, wadda ta shiga ta Nsukka, ta kama Inugu a Oktoban 1967, ta bi ta Okigwe har Umuahia a Afrilun 1969.

"Ɗana," ya ce, "ka san abin da ya fi yi mini nauyi? Ƙasar da muka shiga, ƙasar 'yan cocinmu ce. Duk garin da muka ci sai in ga coci irin tamu, da gunkin Maryamu, da makarantar mishan. Ni na yarda da abin da ya kai ni, ban so ƙasa ta rabu ba, har gobe ban so ba. Amma wanda ke can ɗaya gefen yana roƙon Allah da addu'ar da nake roƙonSa da ita."

Ya ba ni labarin wata Lahadi a wani ƙauye wajen Okigwe. Ya ji murya a cikin coci da rufinta ya ɓurme, ya shiga da bindiga a hannu, mahaifina na bayansa. Mata ne da yara kwance a ƙasa tsakanin bencina, yaran cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja, ƙafafu kamar ba za su ɗauki jiki ba. Da harshen Ibo suke yi, amma daga yadda ɗaya ke ja saura na amsawa ya gane rosari ne. Ya ce shi ya tsaya ya kasa motsi. Mahaifina ne, yaro ɗan shekara 19 da bai taɓa shiga coci ba, ya juya da gudu ya dawo da garin kwaki da kifin gwangwani da gishirin da aka raba musu na mako. Sun yi ta kai musu abinci a ɓoye har aka tashe su daga wurin. Wasu yaran sun tashi, wasu abincin ya zo musu a makare. Mahaifinmu ya shekara hamsin yana ba mu labarin soja, na fareti da na horo da na wani kyaftin mai faɗa, bai taɓa ambata wannan ba ko da wasa. A bakin wani na ji shi, bayan an binne shi, kuma sai da na fita waje na tsaya a duhu kafin in iya dawowa in zauna.

Sannan ya ciro wani ɗan littafin rubutu mai bangon fata. Sunaye ne a jere da biro da fensir, na mutanensa da suka mutu, Musa da Bitrus da Audu da Yohanna a layi ɗaya, kowanne da wurin da ya faɗi. Kullum da asuba sai ya karanta su, yanzu da ido ya tafi jikarsa ke karanta masa. Akwai layi ɗaya da ba suna, an rubuta "yaron gada" kawai. Ya ce wani sojan Biyafara ne da ya harbe a bakin wata gada, da suka je kan gawar sai ya ga bai fi shekara 16 ba, kuma a wuyansa akwai 'yar lambar Maryamu irin wadda ke wuyansa shi ma. Ya je wurin Fada ya furta laifinsa, an ce masa an gafarta masa, ya kuma gaskata. "Amma gafara daban, mantuwa daban," in ji shi. "Uwarsa ba ta san inda yake ba. To ni na sani, sai in riƙa yi masa addu'ar da za ta yi masa." Daga dawowarsa yaƙi ya bar burkutu, ya ce ya ga abokansa da yawa da suka tsira daga harsashi suka mutu a gidan giya. Ya yi ritaya a ƙarshen shekarun 1970 ya koma gona. Tafiya mai nisa ɗaya ya ƙara yi da son ransa, a Fabrairun 1982, lokacin da Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Kaduna ya naɗa sababbin limamai. Ya kwashi matarsa da yara a bayan motar doya suka je suka kwana a fili.

Na tambaye shi rikicin 2004. Ya ce samari sun zo wurinsa, tunda shi tsohon soja ne, ya koya musu yadda ake kai hari. Ya ce musu su zauna ya fara koya musu yadda ake haƙa ramin mutum arba'in da shebur biyu, domin shi wannan ne aikin da ya fi yi a yaƙi. Wasu sun ji, wasu sun tafi sun nemi wani malamin. Bai ƙara komai a kai ba.

Da safe ranar Lahadi aka goya shi a babur zuwa coci, jikansa na tuƙi, wani na riƙe da shi ta baya. Ya sa farar riga da aka goge da dutsen guga na gawayi, takalmansa na sheƙi. Na raka su na zauna a benci a waje kusa da taga, ba wanda ya dube ni da wani ido. Da Hausa aka yi ibadar, wa'azi da karatu duka, sai wasu waƙoƙi da harshen Goemai. 'Yan Zumuntar Mata sanye da anko suna buga tulu da caki, muryarsu na fita har bakin hanya. Da aka zo karɓar jibi, watau tsarkakakkiyar gurasar ibadarsu, Fada ya sauko da kansa ya kawo masa inda yake zaune, amma sai da tsohon nan ya dafa sanda ya miƙe tsaye ƙyam kafin ya karɓa.

Bayan an dawo na ce Baba ina da magana, kuma ina son shaidu. Aka kira 'yarsa da maƙwabcin nan Bafulatani da wani dattijon coci. Na faɗi wasiyyar mahaifinmu, na ajiye ambulan mai ₦300,000, abin da muka yi shawara a gida ya yi daidai da ƙimar kuɗin a yau. Ya sa aka faɗa masa nawa ne, ya tura ambulan ɗin da bakin sandarsa. Ya ce ranar da ya ba da kuɗin nan ya yafe su, yaron da ya ɗauko shi a kafaɗa da aka harbe shi a cinya ba ya cin bashinsa. Wannan ma ban taɓa ji ba. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, shi da bakinsa ya kira shi bashi, kuma a wurinmu mamaci yana rataye da bashinsa har sai an sauke." Ya yi shiru yana juya maganar. Sannan ya tambayi 'yarsa fam 15 nawa ne da aka canja kuɗi a 1973. Ta ce fam ɗaya naira biyu, watau ₦30. Ya ce to a ba shi ₦30. Duk gidan aka rasa mai canjin, sai a gwangwanin ajiyar wata jikarsa aka samo 'yar ashirin da 'yar goma, na ba ta dubu ɗaya a madadinsu. Ya karɓa da hannun dama, ya ɗaga su sama yadda kowa zai gani, ya kira sunan mahaifina da na kakana, ya ce, "Na karɓa. Ba na bin sa komai, duniya da lahira." Bafulatanin ya ce mun shaida, ya shafa fatiha, dattijon cocin ya ce amin. Ya sa kuɗin a cikin littafin nan mai bangon fata, ya ce wa jikarsa ta ƙara suna ɗaya a ƙasa. Sauran kuɗin na damƙa wa 'yarsa a ɓoye da sunan gaisuwar Hajiya ga Mama, don magani da aikin idon da likita ya ce za a iya yi.

Da zan tafi aka ɗaure mini doya goma sha biyu da ɗan buhun shinkafa, duk roƙon da na yi a rage bai yi amfani ba. Na biyo ta Langtang don in ga garin da ake kira gidan janar-janar, mahaifar su Domkat Bali da Joe Garba da Jeremiah Useni, daga nan muka hau ta Pankshin muka koma cikin sanyi. Doyar ta ja mini ƙarin ₦3,000 na kaya a tashar Jos, kuma tayarmu ta fashe bayan Saminaka, muka ratsa Falgore rana na faɗuwa, direba na salati a fili. Ana kiran isha'i muka shigo Kano.

Ban dawo hannu sake ba, domin Baba ya ɗora mini aiki. Ya sa jikarsa ta kwafe mini sunaye uku daga littafin, Musulmi ne daga ƙasar Kano da Zazzau da suka mutu a hannunsa, da sunan garin kowannensu da wurin da aka binne shi. Ya ce a lokacin takarda kawai ake aika wa iyaye, ba mai gaya musu yadda ɗansu ya cika ko wanda ya yi masa sallah, shi kuwa ya sani, yana wurin. Na bi ta wurin masu unguwanni da 'yan ƙungiyar mazan jiya, an gano mini ƙanwar ɗaya daga cikinsu a wani ƙauye kusa da Ikara, tsohuwa ce amma da hankalinta. Na yi waya da ɗanta mun sa rana bayan sallah. Zan je da wayata a cike da caji, in kira Shendam, Baba ya gaya mata da bakinsa.